Torbel: ƙauyen Suwis da ke ƙidayar shanunsa shekara ɗari biyar

Idan aka ambaci ƙasar Suwis a kasuwar Maradi ko a ofisoshin Yamai, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne bankuna da agogo da tarurrukan birnin Janeba. To, amma a bayan waɗannan akwai wata Suwis ta ƙauyawa masu shanu da rumbuna, waɗanda kakanninsu suka san ƙarancin ruwa, suka san tafiya bida. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 41,285 ne, wato kusan daidai da jahar Maradi, mutanenta kuwa sun kai miliyan 9 a shekarar 2024. An raba ta kashi 26 da suke kira kanto. Kada mai karatu ya ɗauka irin kanton sarakunan gargajiya ne. Kanton Suwis yana da gwamnatinsa da majalisarsa da dokokinsa. Kowane kanto kuma an raba shi ƙananan hukumomi, wato komin, waɗanda yawansu a ƙasar duka ya haura 2,100.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Torbel, wadda mutanenta ke kira Terbil da harshensu. Mazaunanta kimanin 500 ne, ba su kai mutanen wata unguwa ta Damagaram ba. Duk da haka sunanta ya shiga manyan makarantun duniya, domin ƴan ƙauyen sun daɗe da samun amsar wata tambaya mai wuya: yaya mutane za su ci moriyar makiyaya ɗaya da daji ɗaya da ruwa ɗaya, ɗaruruwan shekaru, ba tare da sun kashe su ba?

Gari a jikin dutse

Torbel tana cikin kanton Valais, a kudancin ƙasar, kan iyaka da Italiya. Mai tasowa daga Janeba zai shiga jirgin ƙasa ya bi gefen tabki, sa'an nan ya bi kwarin kogin Rhône ya nufi gabas. Har zuwa birnin Sion, fadar kanton, da garin Sierre, Faransanci ake yi. Daga nan sai harshe ya juya zuwa wani karin Jamusanci na mutanen tsauni, wanda ko Bajamushen Jamus sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane. Bayan tafiyar kamar awa biyu da rabi sai a iso Visp, garin masana'antu. Daga Visp hanya ta karkata kudu zuwa Stalden, inda kwari ya rabu biyu: ɗaya ya nufi Saas, ɗaya ya nufi Zermatt, gindin shahararren dutsen nan da Faransawa ke kira Cervin. Masu yawon buɗe ido can suke wucewa. Mai zuwa Torbel kuwa motar gidan waya mai launin rawaya zai hau, ta yi ta murɗawa da shi a jikin dutse, kwana bayan kwana, har ta ɗaga shi mita 700 sama da Stalden.

Garin yana zaune a tsayin mita 1,500 daga teku, a kan gangare mai fuskantar rana. Gidajen na katako ne da rana ta ƙona har suka yi baƙi, rufinsu na faffaɗan duwatsu, sun matsu da juna domin kada gini ya cinye ƙasar noma. A tsakaninsu akwai rumbunan katako da aka ɗora bisa gajerun ƙafafu, kowace ƙafa da faifan dutse a kanta, saboda ɓera in ya hau ƙafar ba ya iya tsallake faifan. Ban da babban gari akwai ƙananan unguwanni a warwatse, kamar Burgen da Feld da Brunnen.

Ƙasar komin ɗin duka murabba'in kilomita 17 da rabi ce kawai, amma a tsaye take. Ta faro daga bakin kogi a ƙasan kwari ta hau har ƙololuwar dutsen Augstbordhorn, kusan mita 3,000. Saboda haka mutum na iya fita daga wurin da inabi ke nuna da safe, ya kai inda ko itace ba ya tsirowa kafin la'asar. Kowane hawa da amfaninsa. A ƙasa akwai ƴan garake na inabi. Kewaye da gari akwai garake na kayan miya, da filayen ciyawa, da tsofaffin gonakin wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi, wanda Faransawa ke kira seigle, wanda da shi ake yin baƙin burodi mai tauri da ke daɗewa bai lalace ba. A sama da gari akwai mashekarai inda shanu ke ɗan zama kafin hawa da bayan saukowa. Sai daji. A can bisa daji kuma sai makiyayar gari, Moosalp, a tsayin mita 2,048, wato ta ɗara ƙololuwar dutsen Bagzan na Ayar, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar.

Ruwa da rabo

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wannan yanki yana fama da ƙarancin ruwan sama. Manyan duwatsu masu tsayin sama da mita 4,000 sun kewaye shi, suna tare gizagizai kafin su iso. Wurin da ya fi ko'ina bushewa a ƙasar Suwis, Ackersand, yana nan ƙasan Torbel kusa da Stalden, ruwan da yake samu a shekara kuwa tsakanin milimita 500 ne da 600, bai fi na Maradi da wani abin kirki ba. Ga rana mai dukan gangare, ga iska mai busar da ƙasa. Filin ciyawar da ba a ba shi ruwa ba, kafin tsakiyar lokacin zafi ya ƙone.

Ciyawa kuwa ita ce ran garin. Hunturu a wannan tsayi yana da tsawo, dusar ƙanƙara na rufe ƙasa watanni, shanu suna ɗaure a ɗaki suna cin ingiricin da aka yanka aka shanya aka adana. Wanda ingiricinsa ya ƙare kafin ƙanƙara ta narke, sai ya sayar da saniya ko ya yanka ta. Don haka tun ɗaruruwan shekaru mutanen Valais suka haƙa magudanan ruwa a jikin duwatsu, inda dutse ya yi tsaye kuma suka rataya kwalekwalen katako, domin su jawo ruwan ƙanƙarar da ta narke zuwa filayensu. Masu Faransanci suna kiran waɗannan magudanai bisse, masu Jamusanci suna cewa Suone. Babbar magudanar Torbel daga yankin Augstbord take tasowa, tana tafiyar kilomita fiye da goma, ta shayar da Torbel da maƙwabciyarta Zeneggen.

Ruwan ba a ɗibarsa yadda aka ga dama. Kowane fili yana da ranarsa da sa'o'insa, ana kewayawa bi da bi, dare da rana. Kafin agogo ya wadata, hasken rana da inuwa a jikin duwatsu su ne ke nuna lokacin karɓa da lokacin sakewa. Babu mutum ɗaya da ya san lissafin garin duka, amma kowa ya san nasa rabo, ya san wanda yake karɓa daga hannunsa da wanda zai miƙa wa. Wanda ya riƙe ruwa ya wuce lokacinsa, maƙwabcinsa yana tsaye a bakin magudana yana jira. Gyaran magudanar kuma kowace shekara aikin gayya ne.

Takardar 1483

An fara ambaton sunan garin a rubuce tun ƙarni na 11, akwai kuma takardun mallakar ƙasa da suka kai shekarar 1224. Amma ranar da ta fi muhimmanci a tarihinsa ita ce 1 ga Faburairu 1483, lokacin da mazauna suka taru suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar gari, wadda za ta kula da makiyaya da daji da ƙasar da ba a nomawa. Takardar ta ce baƙon da ya sayi gona ko gida a Torbel bai sayi haƙƙin kiwo a makiyayar gari ba, bai kuma sayi izinin sarar itace ba. Sai in ƴan gari sun yarda sun shigar da shi cikinsu. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

A shekarar 1517 aka rubuta dokar da ta fi shahara: ba wanda zai kai shanu makiyayar bisa fiye da adadin da zai iya ciyarwa da ingiricinsa a hunturu. Hikimar dokar tana ga sauƙin binciken ta. Filin ciyawar kowa a fili yake, ɗakin shanunsa ma an san shi, saboda haka mai kuɗi ba zai sayo garke a farkon lokacin zafi, ya cinye ciyawar jama'a, ya sayar da su da ƙiba a ƙarshensa ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Gari yana naɗa wakili mai sa ido, wanda aka ba ikon cin tara, rabin tarar kuma nasa ne, don haka ba ya gyangyaɗi. Ana ƙidaya shanu ranar hawa. Makiyayan da gari ya ɗauka su ne ke kiwo da tatsa da yin cuku a can bisa, a ƙarshen lokaci a raba cukun gwargwadon abin da shanun kowane gida suka bayar. Gyaran hanyoyi da ɗakuna da watsa taki a makiyaya, shi ma ana raba shi gwargwadon yawan shanun mutum.

Haka daji. Itatuwan da ke bisa gari su ne katangar da ke tare ɓallewar ƙanƙara da zaizayar ƙasa, shi ya sa ba a shiga da gatari sai an yi izini. Mai kula da daji ya sa alama a kan itatuwan da za a sare, gidaje su haɗu su sare su jawo, a tara su tsibi-tsibi daidai wa daida, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Tun da ba wanda ya san tsibin da zai faɗo masa, ba mai sha'awar yin wani ƙarami.

Abin lura a nan shi ne mutanen Torbel ba su mai da kome da kome na jama'a ba. Garka da gonar hatsi da filin ciyawa da inabi, kowa da nasa, ana saye ana sayarwa ana gado. Abin da aka bari na gari shi ne wanda rarraba shi ba ta da riba: makiyaya mai faɗi mai ƙarancin amfani, daji, magudanar ruwa, da hanyoyi.

Yawan mutane da abin da ya ci

Ƙidayar shanu ba za ta wadatar ba in da mutane sun yi ta ƙaruwa ba iyaka. Littattafan cocin garin, waɗanda ke ɗauke da haihuwa da aure da mutuwa tun ƙarshen ƙarni na 17, sun nuna yadda aka riƙe wannan ɓangare. Gado a Valais ana raba shi daidai tsakanin ƴaƴa maza da mata, har a kai ga mutum ya mallaki kashi ɗaya na rumbu ko ɗaki ɗaya a cikin gida. Ba a cika raba dukiya da wuri ba, saurayi kuwa ba ya aure sai ya ga abin da zai riƙe iyali. Saboda haka mata sukan kusa shekara 30 kafin aure, maza sau da yawa sai sun haura 30. A wasu zamunna, mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan tsufa bai yi aure ba ko sau ɗaya, yana zaune yana yi wa ɗan'uwansa aiki, in ya mutu rabonsa ya koma ga ƴaƴan dangi.

Wasu kuma fita suka yi. Samarin Valais sun daɗe suna shiga sojan haya na sarakunan Faransa da Sifen da Italiya, da yawa ba su komo ba, har dokar tarayya ta hana wannan sana'a a 1859. A daidai wannan zamani iyalai daga gabashin Valais suka fara ƙetare teku. A 1858 wasunsu suka kafa garin San Jerónimo Norte a ƙasar Ajantina. Shigowa kuwa ta yi wuya: cikin shekara ɗari uku, maza baƙi ƙalilan ƙwarai ne suka sami zama ƴan gari suka kafa zuriya a Torbel, shi ya sa sunayen dangi kaɗan ne ke ta maimaituwa a maƙabarta.

Ke nan zaman lafiyar makiyaya ba kyauta aka same shi ba. Gwauraye da ƴan bida da baƙin da aka rufe wa ƙofa su suka biya wani kashi na kuɗinsa. Mata ma suna cikin masu biya, domin su ke ɗaukar kwandon taki da ingirici a baya suna hawan gangare, alhali ba su da murya a taron gari. A ƙauyen Unterbäch, bayan tudun Moosalp kaɗan, mata suka fara jefa ƙuri'a a ƙasar Suwis a 1957, ba da yardar hukumomin sama ba. Kanton Valais bai ba su wannan haƙƙi ba sai 1970, tarayya kuma sai 1971.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 yawan mutanen garin ya fara hawa, bayan zuwan dankalin turawa, wanda ke ba da abinci mai yawa a ƙaramin fili, kuma ba ya jin sanyin da ke kashe hatsi. Haka ya yi ta ƙaruwa har ya kusa 700 a tsakiyar ƙarni na 20, daga nan ya juyo.

Daga tudun Jos zuwa kyautar Nobel

Wanda ya fitar da labarin Torbel duniya wani masanin al'adu ne ɗan Amurka, Robert Netting. Kafin ya je Suwis, a farkon shekarun 1960 ya zauna cikin Kofyar, manoman dutse na kudancin tudun Jos a Nijeriya, waɗanda ke yanka gangare hawa-hawa suna zuba masa takin awaki. A can ya lura cewa gonar da aka zuba wa taki da gumi tana da mai ita, dajin nesa kuwa na kowa ne. Da ya zauna a Torbel a 1970 da 1971 sai ya tarar da tsari mai kama da wannan, da ƙarin takardun ɗaruruwan shekaru da za su tabbatar da shi. Littafinsa kan garin ya fito a 1981. Daga baya shi da kansa ya nuna cewa garin bai taɓa zama a rufe ɗungurungum ba, domin kuɗin sojan haya da na masu aiki a waje sun daɗe suna tallafa masa.

A lokacin nan ra'ayin da ya yi ƙarfi tsakanin masana shi ne na Garrett Hardin, wanda ya rubuta a 1968 cewa makiyayar da ta zama ta kowa ƙarshenta lalacewa, tun da kowane makiyayi zai ƙara dabba, ribar tasa, asarar ta jama'a. Magani kuwa sai dai gwamnati ta karɓe ko a yanka wa kowa nasa. Wata masaniya ƴar Amurka, Elinor Ostrom, ta ɗauki Torbel a matsayin misalin farko a littafinta na 1990, ta haɗa da misalai daga Japan da Sifen da Filifin, ta nuna akwai hanya ta uku. Dukiyar jama'a tana ɗorewa idan an san iyakarta, an san masu haƙƙi a cikinta, masu amfani da ita su ne ke yin dokar, mai sa ido daga cikinsu yake, hukunci yana da sauƙi da sauri, hukumar sama kuma ta amince da ikonsu. A 2009 aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki, mace ta farko da ta same ta.

Torbel ta yau

Hanyar mota da albashi sun sauya garin fiye da duk abin da ya gabata. Masana'antar sinadarai ta Lonza da ke Visp tun farkon ƙarni na 20 ta ɗauki maza da yawa na ƙauyukan yankin. Mutum ya sauka aiki da asuba, ya komo ya yanka ciyawa da marece. Irin wannan manomi ba shi da lokacin tatsa sau biyu a rana, sai da yawa suka koma kiwon tumakin Valais masu baƙin hanci. Gonakin hatsi suka koma ciyawa, bututu da na'urar yayyafi suka maye gurbin yawancin tsofaffin magudanai. Tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa da gidan gasa burodi yanzu wata ƙungiyar ƴan gari ce ke kula da su domin baƙi su gani. Akwai kuma wani ƙaramin kamfani a garin da ke ɗinka jakunkuna da tsofaffin bargunan sojan Suwis yana sayarwa har ƙasashen waje. Tun da aka buɗe sabon ramin jirgin ƙasa na Lötschberg a 2007, daga Visp zuwa Berne, babban birnin ƙasa, bai kai awa ɗaya ba. Wannan ya sauƙaƙa zuwan baƙi, ya kuma sauƙaƙa tafiyar samari.

Mulkin gari yana nan a hawa biyu, kamar sauran Valais. Akwai komin ta duk mazauna, mai zaɓen majalisa da shugaba kowace shekara huɗu, mai karɓar haraji, wadda taron jama'a ke amincewa da kasafinta. Akwai kuma ƙungiyar ƴan asalin gari, magajiyar yarjejeniyar 1483. Ƙananan komin da yawa a ƙasar sun haɗe da maƙwabtansu saboda ƙarancin mutane da masu son ɗaukar muƙami: a shekarar 2000 yawansu ya kusa 2,900, cikin shekara 25 an rasa fiye da 700.

Sababbin matsaloli ma sun taso. Kyarkeci, wanda aka ƙarar a ƙasar tun ƙarni na 19, ya komo ta Italiya a 1995, a 2016 kuma aka tabbatar da garkensu na farko na Valais a yankin Augstbord, bisa Torbel. Masu tumaki sai da shinge mai lantarki da karnuka. Zafi yana ƙaruwa: a 2022 da 2023 kaɗai dusar ƙanƙarar dindindin ta duwatsun Suwis ta rasa kashi 10 cikin 100 na girmanta. A ranar 28 ga Mayu 2025 dutse da ƙanƙara suka ɓallo suka binne yawancin ƙauyen Blatten, a ƙetaren kogin Rhône, bayan an kwashe mutanensa kimanin 300.

Babbar damuwar makiyayan tsauni a yau ita ce raguwar dabbobi da masu kiwonsu, domin filin da aka daina kiwo a cikinsa ƙaya da daji ke cinye shi. Gwamnatin tarayya tana biyan makiyaya kuɗin tallafi kan dabbobin da suka kai bisa, ta kuma ƙayyade wa kowace makiyaya adadinta. In an wuce shi a rage kuɗin, in an gaza da yawa ma a rage.

Har yanzu a watan Yuni mutanen Torbel da baƙinsu suna taruwa a Moosalp ranar hawan shanu. Baƙaƙen shanun Hérens masu gajerun ƙafafu suna haɗa goshi suna ture juna har a san sarauniyar garke ta wannan shekara, daga nan a fara kiwo da yin cuku zuwa watan Satumba. Kamar a 1517, ana rubuta adadin dabbobin da suka hau. A wancan zamani ana ƙidayar ne domin kada su yi yawa. Yanzu ana yin ta da fatan kada su gaza, kuma da irin wannan fata hukumar gari ke duban yawan yaran da ake haifa mata kowace shekara.